Sergei Fedorov: Ina matsayinsa a cikin 'yan wasan tsakiya na zamaninsa a hokin ƙanƙara?

Sergei Fedorov ɗan ƙasar Rasha ne, tsohon ɗan wasan hokin ƙanƙara da ya yi kakar wasa 18 a gasar NHL ta Amurka da Kanada, daga 1990 zuwa 2009. Goma sha uku daga cikinsu a ƙungiyar Detroit Red Wings ya yi su, kuma da ita ya ɗauki Kofin Stanley sau uku, a 1997 da 1998 da 2002. Ya buga wasa 1,248, ya ci ƙwallo 483, ya taimaka aka ci 696, jimillar maki 1,179. Babu mai musun cewa gwani ne. Abin da masu bibiyar wasan suka daɗe suna ja-in-ja a kai shi ne gurbinsa idan aka jera shi da tsararrakinsa: Steve Yzerman, Joe Sakic, Peter Forsberg, Eric Lindros, Mike Modano da Mats Sundin. Muhawarar ta wuce lissafin ƙwallaye, domin ta taɓo kuɗi, da biyayya ga mai ƙungiya, da kuma irin kallon da ake yi wa baƙo.

Yadda ake auna ɗan wasan tsakiya

A hokin ƙanƙara kowace ƙungiya tana sa mutum shida a fili: mai tsaron raga, 'yan baya biyu, 'yan gaba uku. Na tsakiyar 'yan gaban nan uku shi ne ginshiƙi. Shi ke karawa da takwaransa duk lokacin da alƙalin wasa ya jefa ɗan faifan robar da ake bugawa da sanda, shi ke rarraba wa na gefe, kuma shi ake sa ran zai fara komowa baya idan faifan ya kuɓuce. Ana ba ɗan wasa maki ɗaya idan ya ci, ɗaya idan ya taimaka aka ci. Bayan wasannin kaka, ƙungiyoyi 16 suna shiga zagaye huɗu na neman Kofin Stanley, inda a kowane zagaye wadda ta riga cin wasa huɗu take wucewa.

Maki suna nuna abin da mutum ya yi a gaban ragar abokan hamayya, amma ba sa nuna ƙwallayen da ya hana a ci ƙungiyarsa. Rabin darajar Fedorov a wannan ɓangaren da ba a ƙirgawa take, shi ya sa jera shi ke da wuya.

Daga Pskov zuwa Detroit

An haife shi ranar 13 ga Disamba, 1969, a birnin Pskov, ya tashi a Apatity da ke can arewacin Rasha. Tun yana matashi ya shiga CSKA Mosko, ƙungiyar rundunar sojan Tarayyar Sobiyet, a ƙarƙashin Viktor Tikhonov, kociyan da ya yi suna wajen tsare 'yan wasa a sansani kusan duk shekara. A tawagar matasa ta ƙasar ya yi wasa a tsakanin Alexander Mogilny da Pavel Bure, kuma dukansu uku daga baya Amurka da Kanada suka nufa.

Detroit ta zaɓe shi a 1989, na 74 a jerin sababbin 'yan wasa, alhali babu tabbacin hukumomin Sobiyet za su taɓa sakinsa. Wani ɗan jaridar Detroit mai jin Rashanci, Keith Gave, shi ya kai masa saƙon ƙungiyar a asirce a Helsinki a wannan shekarar. A watan Yulin 1990, tawagar Sobiyet ta je Amurka don gasar Goodwill. Bayan wani wasan share fage a Portland, Fedorov ya sulale daga masaukinsu, ya shiga jirgin da mai ƙungiyar, Mike Ilitch, ya aiko, ya sauka a Detroit yana ɗan shekara 20. Wannan ɗawainiya da Ilitch ya yi za ta sake tasowa daga baya, lokacin da dangantaka ta yi tsami.

Shekaru biyar na ganiya

Hujja mafi ƙarfi ta magoya bayansa ita ce kakar 1993–94. A wannan kaka Yzerman, kyaftin ɗin Detroit, ya ji rauni ya yi jinya mai tsawo, nauyin ƙungiya ya koma kan Fedorov. Ya ci ƙwallo 56, ya haɗa maki 120. Wayne Gretzky kaɗai ya fi shi, da maki 130. Aka ba shi lambar Hart ta ɗan wasan da ya fi kowa amfani ga ƙungiyarsa, ya zama na farko da ya koyi wasa a Turai da ya same ta. Aka kuma ba shi lambar Selke ta ɗan gaban da ya fi iya tsaron baya. Tun da aka ƙirƙiro Selke a ƙarshen shekarun 1970, babu wani da ya haɗa lambobin biyu a kaka guda sai shi. 'Yan wasa ma da kansu sun zaɓe shi gwarzon shekara. A 1995–96 ya sake ɗaukar Selke tare da maki 107.

A wannan kakar ce kociya Scotty Bowman ya haɗa 'yan Rasha biyar a fili lokaci guda: Fedorov, Igor Larionov, Vyacheslav Kozlov, Viacheslav Fetisov da Vladimir Konstantinov. Salonsu na riƙe faifai da miƙa wa juna ya saɓa wa al'adar Kanada ta cilla shi gaba a bi shi da gudu da bangaza. Detroit ta ci wasa 62 a kakar, adadin da babu wadda ta taɓa kaiwa kafin nan. Ranar 26 ga Disamba, 1996, ta doke Washington da ci 5 da 4, kuma duka biyar ɗin Fedorov ne ya ci.

A wasannin neman kofi ma bai yi sanyi ba. Shekara huɗu a jere, daga 1995 zuwa 1998, yana haɗa maki 20 ko fiye. A 1995 shi ya fi kowa maki a gasar baki ɗaya, da 24. A 1997, shekarar da Detroit ta kawo ƙarshen jiran shekara 42, shi ne kan gaba a ƙungiyar. Sai dai ko sau ɗaya ba a ba shi lambar Conn Smythe ta gwarzon wasannin kofi ba: mai tsaron raga Mike Vernon ya ɗauka a 1997, Yzerman a 1998, Nicklas Lidstrom a 2002. Akwai lokutan da Bowman ya mayar da shi ɗan baya gaba ɗaya, kuma ya riƙe gurbin ba tare da tangarɗa ba. Babu ɗaya daga cikin tsararrakin nasa da aka yi wa wannan gwaji a matakin da aka yi masa.

Inda masu suka suke da gaskiya

Bayan 1996 bai ƙara kai maki 100 ba. Yawancin shekarun da suka biyo baya a Detroit tsakanin 60 da 70 yake tsayawa, sai a kakarsa ta ƙarshe da ya kai 83. Gaskiya ne cin ƙwallo ya ja baya a gasar gaba ɗaya: daga sama da bakwai a kowane wasa a 1992–93 ya sauko kusan biyar a 2003–04, saboda ƙungiyoyi sun koma toshe hanya da riƙe abokan hamayya. Gaskiya ne kuma Bowman yana raba lokacin wasa tsakanin 'yan tsakiya da dama. Amma Sakic da Forsberg a wannan zamanin suka yi wasa, kuma sun ci gaba da tara maki. Uzurin bai wanke shi duka ba. Shekarunsa na ƙarshe a Anaheim da Columbus da Washington sun ƙara ja da matsakaicinsa ƙasa, ko da yake a Afrilun 2009, yana da shekara 39, shi ya ci ƙwallon da ta fitar da New York Rangers a wasa na bakwai.

An kuma riƙa zarginsa da cewa ba kullum yake zage dantse ba. Wannan zargi yana buƙatar a sa masa ido, domin a shekarun 1990 kusan duk ɗan Turai ya sha shi. Don Cherry, fitaccen mai sharhi a talabijin ɗin Kanada, ya shafe shekaru yana kwatanta su da ragwanci. Gudun Fedorov a kan ƙanƙara kuwa ba ya nuna wahala, har mai kallo ya ɗauka bai dage ba. Alƙaluman wasannin kofi, maki 176 a wasa 183, ba su goyi bayan zargin ba.

Jerin tsararraki

Gretzky da Mario Lemieux ba sa cikin wannan lissafi, ajinsu daban ne. Mark Messier kuma ya girme wa wannan rukuni da kusan shekara goma.

Sakic da Yzerman suna gaban Fedorov, kuma tazarar a fili take. Yzerman ya tara maki 1,755 a wasa 1,514, ya riƙe kyaftin tun daga 1986 har ya yi ritaya a 2006, ya kuma sauya kansa daga mai cin ƙwallo zuwa mai tsaro har ya ɗauki Selke a 2000. Sakic ya tara 1,641 a wasa 1,378, da Hart a 2001, da Conn Smythe a 1996, da kofi biyu, da zinaren Olamfik a 2002. Abin da Fedorov ya yi na shekara biyar, su sun yi kwatankwacinsa na shekara goma sha biyar.

Modano da Sundin sun fi shi jimillar maki, 1,374 da 1,349, amma babu wanda ya taɓa ɗaukar Hart a cikinsu. Modano kofi ɗaya gare shi, na 1999 da Dallas. Sundin bai ɗauka ba, ko da yake ya jagoranci Suwidin ta ci zinaren Olamfik a 2006. Babu kakar da aka ce ɗayansu ne ya fi kowa a duniya. Lindros ya kai wannan matsayi a 1995 da ya ɗauki Hart, kuma maki 865 a wasa 760 ba ƙaramin abu ba ne, sai dai yawan buguwa a kai ya gajarta masa rayuwar wasa. Sau ɗaya ya kai wasan ƙarshe, a 1997, Detroit ta share ƙungiyarsa ta Philadelphia wasa huɗu ba ko ɗaya. Dukansu uku a bayan Fedorov suke.

Gardamar gaskiya tsakaninsa da Forsberg take. Ɗan Suwidin ɗin ya tara maki 885 a wasa 708 kacal, wato kusan 1.25 a kowane wasa, alhali na Fedorov bai cika ɗaya ba. Yana da Hart ta 2003, da kofi biyu, da zinaren Olamfik biyu, inda Fedorov ya tsaya a azurfa a 1998 da tagulla a 2002. A 2002, bayan an cire masa saifa kuma ya rasa wasannin kaka gaba ɗaya, Forsberg ya dawo ya fi kowa maki a wasannin kofi da 27, duk da cewa Detroit ta fitar da Colorado kafin wasan ƙarshe. Wanda ke neman ɗan wasan da zai mamaye wasa guda, Forsberg zai ɗauka. Amma Fedorov ya fi shi wasa 540, kusan kaka bakwai ke nan, ya kusa ninka shi a ƙwallaye, kuma ya fi shi tsaro. Ɗan wasan da ke jinya ba ya taimakon ƙungiya komai gwanintarsa. A kan wannan, gurbi na uku ya fi dacewa da Fedorov, da ɗan rinjaye kaɗan.

Rigimar kwantiragi da lamba 91

Abin da ya daɗe yana dusashe sunansa a Detroit ba a fili ya faru ba. Bayan kofin 1997 kwantiraginsa ya ƙare, aka kasa daidaitawa, ya ƙaurace wa wasa na watanni. A dokar gasar a lokacin, wata ƙungiya tana iya yi masa tayi, amma Detroit na da ikon biyan daidai abin da aka taya ta riƙe shi. A Fabrairun 1998 ya sa hannu a tayin Carolina Hurricanes na dala miliyan 38 a shekara shida. An tsara tayin ne don ya ƙona Detroit: miliyan 14 nan take, da wasu miliyan 12 da za a biya a dunƙule idan ƙungiyar ta kai zagayen kusa da na ƙarshe, abin da Detroit ke da kyakkyawar damar yi, Carolina kuwa da wuya. Ga shi mai Carolina, Peter Karmanos, tsohon abokin hamayyar Ilitch ne a birnin Detroit. Ilitch ya biya. Fedorov ya karɓi dala miliyan 28 a kan wasa 43, ya ci ƙwallo 10 a wasannin kofi, Detroit ta kare kambinta. A 2003 kuma ya ƙi sabon tayin ƙungiyar ya koma Anaheim, kuma da ya dawo wasa a birnin 'yan kallo suka yi masa ihu.

Babbar karramawar da ƙungiya ke yi wa ɗan wasa ita ce jingine lambar rigarsa, a rataye ta a rufin filin wasa, ba mai sake sa ta. An jingine 19 ta Yzerman a Janairun 2007, watanni bayan ritayarsa, da 5 ta Lidstrom a 2014. Fedorov ya shiga zauren gwarzayen hoki da ke Toronto a 2015, NHL ta sa shi cikin 'yan wasa 100 mafiya fice a tarihinta a 2017, amma 91 ba ta hau rufi ba. Kwatancin da ya fi haskaka lamarin shi ne na Sakic: shi ma ya sa hannu a tayin New York Rangers na dala miliyan 21 a 1997, Colorado ta biya ta riƙe shi, kuma ta jingine lambarsa a 2009, shekarar da ya yi ritaya. Bambancin shi ne Sakic ya zauna har ƙarshe. Fedorov ya yi amfani da 'yancinsa na ma'aikaci sau biyu a kan mutumin da ya aika masa jirgi, aka kuma ɗauki hakan a matsayin butulci.

A halin da ake wannan jira ya koma gida. Ya yi wasa a Metallurg Magnitogorsk daga 2009 zuwa 2012, sannan ya koma CSKA, ƙungiyar da ya gudu ya bari, ya zama manajanta, daga baya kociyanta, ya ɗauki Kofin Gagarin a 2022 da 2023. Mike Ilitch ya rasu a Fabrairun 2017. Sai a Agustan 2025, lokacin da ɗansa Chris ke jagorantar ƙungiyar kuma Yzerman ke babban manaja, Detroit ta sanar da cewa za ta jingine lamba 91, ta tara a tarihinta. Ranar da ta tsayar ita ce 12 ga Janairu, 2026, fiye da shekara 22 bayan tafiyarsa, kafin wasanta da Carolina Hurricanes.