Malam Muhammadu Alkatsinawi da Rabe-raben Adadi a Ilmin Hatimi

Tun kafin jihadin 1804 birnin Katsina ya shahara da malamai, kuma cikinsu babu wanda sunansa ya kai nesa a fannin hisabi kamar Muhammadu ɗan Muhammadu Alfulani Alkatsinawi. Ya yi karatu a ƙasashen Sudan ta Tsakiya, sa'an nan ya tafi aikin hajji, daga bisani ya zauna a Alƙahira. A can ya rasu a 1741, a gidan Hasan al-Jabarti, mahaifin mashahurin marubucin tarihin nan Abdurrahman al-Jabarti. A wajen 1732 ya rubuta littafinsa Bahjat al-Afaƙ, wanda ya yi bayanin ilmin harufa da na aufaƙi, watau abin da Hausawa ke kira hatimi.

Jama'a sun fi sanin hatimi a matsayin asiri, amma tushensa lissafi ne tsantsa. Ana jera lambobi a gidaje ta yadda jimlar kowane layi, a tsaye ko a kwance ko a karkace, za ta zo daidai. Kafin a ɗora alƙalami, wajibi ne a san jinsin adadin gidajen. Malaman hisabi sun kasa adadi uku: mara, kamar 3 da 5 da 7, cika wanda rabinsa mara ne, kamar 6 da 10, da cika wanda rabinsa ma cika ne, kamar 4 da 8. Kowane kashi da hanyar gininsa. Alkatsinawi ya yi fice a kan kashi na farko, inda ya nuna yadda ake cika gidaje da tsalle irin na doki a wasan shaɗaranji.

Amfanin wannan rabo ya fi bayyana idan adadi ya girma. Alal misali, hatimi mai gida 99 a kowane gefe yana da gidaje 9,801. Tun da 99 mara ne, lambar tsakiyar jerin, watau 4,901, ita ce ma'auni. Idan aka ruɓanya ta sau 99 sai a sami 485,199, jimlar kowane layi ke nan. Wannan adadi mara ne, yana rabuwa da 9, da 11, da 29, da kuma 13 har sau biyu. Mai hisabi yana iya sanin duk wannan tun bai zana gida ko ɗaya ba.

Hassan Ibrahim Gwarzo ya yi nazarin aikin malamin a 1967, kana Claudia Zaslavsky ta gabatar da shi ga masu karatu na Turai da Amurka a littafinta na 1973. Saboda haka, malamin da ke koyar da mara da cika a makarantun Katsina yana da magabaci a garinsa, wanda ya cancanci ɗalibai su san sunansa da hanyar lissafinsa.