Daga Daɓe Zuwa Tayil: Tarihin Shimfiɗa da Sharar Ɗaki a Kaduna

Abin da aka shimfiɗa a ƙasan ɗaki shi ke faɗin abin da za a share shi da shi. A unguwannin Kaduna na arewacin kogi, ƙasan ɗaki ya bi matakai huɗu cikin shekara ɗari da 'yan kai: daɓe, sai siminti da leda, sai kafet, sannan tayil. Injin zuƙar ƙura ya biyo bayan kafet ne, kuma tarihinsa a garin ba ya fahimtuwa sai an haɗa shi da tarihin ƙurar hunturu, da na wutar lantarki, da na masu gyara.

Kaduna gari ne da Turawan mulkin mallaka suka zana. Gwamna Lugga ya zaɓi wurin saboda ruwan kogi da layin dogo, aka fara kawo sojoji a 1913, hedikwatar Arewa kuma ta taso daga Zungeru ta dawo nan a 1917. Gbagyi ne mazauna yankin na asali. Leburorin jirgin ƙasa, da 'yan kasuwa, da iyalan sojoji da suka biyo baya sun zo da ginin da suka sani daga Zazzau da Kano da Katsina da ƙasar Nufe: ɗakin ƙasa mai daɓe. Daɓe aikin mata ne, kuma galibi aikin gayya. Ana zuba tsakuwa da jar ƙasa, a yayyafa ruwa, a yi ta bugu da madaɓi har ƙasa ta kwanta, sannan a shafe da ruwan makuba da ake samu daga ɓawon ɗorawa, wanda ke ƙara masa ƙarfi da duhun launi. A kan daɓen ake shimfiɗa tabarmar kaba, buzu kuma na malami ne ko maigida. Kilishi da darduma masu tsada, irin waɗanda fatake ke kawowa daga Arewacin Afirka ko alhazai daga Makka, kayan sarakuna ne da attajirai.

Duk waɗannan shimfiɗu ana naɗe su. Da safe a ɗauke tabarma a kakkaɓe a waje, a yayyafa wa daɓe ruwa don kada ƙura ta tashi, a share da tsintsiyar laushi. Tsakar gida kuma ta tsintsiyar kwakwa ce ko ta kaba mai tauri. Shara tana cikin aikin farko da ake koya wa yarinya, kuma tana da camfe-camfenta, kamar hana yin ta da dare. A zamanin En'e har hukuma ta shigo ciki, domin duba-gari na shiga gidaje yana duba randa da kwata da juji.

A ɓangaren Turawa na garin, wato unguwar da aka keɓe wa manyan ma'aikata, ƙasan ɗaki siminti ne da ake gogewa da jan man goge ƙasa, ko katako, da 'yar darduma a tsakiyar falo. Boyi-boyi ke wannan aiki, da tsumma da buroshi. Bayan Sardauna ya zama Firimiya a 1954, 'yan Arewa suka fara gadar waɗannan gidaje tare da tsarin zaman cikinsu. Kantuna irin su Kingsway da Leventis suka zama wurin sayen kayan gida na zamani. Har yau akwai wurin da ake kira da sunan Leventis a kan titin Ahmadu Bello. A unguwannin talakawa kuwa siminti ya ture daɓe sannu a hankali, ledar ƙasa mai zanen furanni ta hau kansa, ta zama dole a jeren amarya.

Kafin wannan lokaci injin zuƙar ƙura ya riga ya yi shekara hamsin a Turai da Amurka. A 1901 wani injiniyan Ingila, Hubert Cecil Booth, ya ƙera wata ƙatuwar na'ura da doki ke ja. Ana ajiye ta a bakin titi a Landan, a zura dogayen bututu ta taga su tsotse ƙurar cikin gida. A 1907 kuma James Murray Spangler, mai sharar wani kanti a garin Canton na jihar Ohio, wanda ƙura ke tayar masa da ciwon asma, ya haɗa ƙaramin injin lantarki da fanka da buroshi mai juyawa da rigar matashi, ya ɗaura su a sandar tsintsiya. Ya yi rajistar ƙirar a 1908, William Hoover mai sana'ar kayan fata ya saye ta. Wannan shi ne asalin injin tsaye, wanda ake turawa gaba a jawo baya. Kamfanin Electrolux na Suwidin ya fito da ɗaya nau'in a 1921, mai kwance a ƙasa da dogon bututu. Daga nan gardamar masu saye ta daɗe ba ta wuce ta waɗannan biyu ba.

Fifikon injin tsaye a kan kafet yana cikin buroshinsa. Yashi ba ya zama a saman kafet. Yana nutsewa zuwa gindin gashin, ya riƙa yanka zaren duk lokacin da aka taka. Iska kaɗai ba ta cika ɗago shi ba. Buroshin da ke juyawa a bakin injin shi ke bugun gashin ya girgiza yashin, iska ta kwashe. Amma a nan ne kuma rauninsa yake: a yawancin irinsa bel na roba ne ke juya buroshin, gashi da zare suna nannaɗe shi, bel ɗin ya saki ko ya tsinke. Yana da nauyi, ba ya shiga ƙarƙashin gado da kujera, kuma a kan ƙasa mai santsi buroshin na iya watsa tsakuwa maimakon ya tattara ta.

Zamanin kafet a Kaduna ya zo da kuɗin man fetur. Ƙarin albashin Udoji, wanda ya biyo bayan rahoton kwamitinsa na 1974, ya zuba kuɗi a hannun ma'aikata lokaci guda, kuma Kaduna garin ma'aikata ne da sojoji. A hayin kogi masaƙun Kakuri, waɗanda suka fara da Kaduna Textiles a 1957, suna aiki ba dare ba rana, kamfanin haɗa motocin Fijo ya buɗe a 1975, matatar mai ta biyo baya a 1980. An gina otal ɗin Durbar domin hawan daba na bikin FESTAC na 1977. A ofisoshin gwamnati, da otal-otal, da gidajen Unguwar Rimi da Malali da Unguwar Sarki, kafet mai mamaye ɗaki daga bango zuwa bango ya zama shaidar cewa mutum ya samu. Daga can ya gangaro Kawo da Unguwar Dosa da Badarawa da Unguwar Shanu, har ya shiga lissafin kayan ɗakin da uba ke yi wa 'yarsa: gado, katifa, kujeru, labule, kafet. Akasarinsa na zaren roba ne, na waje da kuma na gida, musamman bayan da kamfanin Lucky Fibres mai yin kafet ɗin Nobel ya kafu a Ikorodu ta jihar Legas.

Kafet ya dace da wasu al'adun gidan Bahaushe. Ana cire takalmi a bakin ƙofa, ana zama a ƙasa, ana cin abinci a ƙasa, kuma da sanyin Disamba ya fi siminti daɗin taka. Sai dai shi ne shimfiɗa ta farko da ba a iya naɗewa kullum a kakkaɓe, a garin da ƙura ke da kaka biyu. Daga Nuwamba zuwa wajen Maris iskar hunturu na kwaso ƙura mai laushi daga Sahara, mafi yawanta daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, ta shigo ta kowace kafar taga. Da damina kuma jar laka ce ke biyo ƙafafun yara. A kan haka ga miyar manja, ga kunu, ga fitsarin jariri. Na ƙarshen nan ya fi sauran nauyi, domin a ɗakin ake sallah, najasa kuwa ruwa ke gusar da ita. Babu injin zuƙar ƙura da ke maganin wannan.

Saboda haka yawancin gidaje suka ci gaba da abin da suka iya. Ana share kafet da guntuwar tsintsiyar kwakwa mai tauri ko buroshin hannu, a durƙushe, wani lokaci a jiƙa bakin tsintsiyar. Gab da sallah ko biki a fitar da kujeru, a ɓamɓare kafet ɗin, a shanya a kan katanga a yi ta dukansa da sanda, ko a wanke da omo a bar shi kwana biyu a rana. Daga baya masu wankin mota suka karɓi wannan aiki, kuma har yanzu ana ganin dardumomi a shanye a wurarensu.

Gidajen da suka sayi injin sun ci karo da wuta. An kafa NEPA a 1972, madatsar Kainji tana aiki tun 1968, ta Shiroro ta zo a 1990, amma ɗaukewar wuta da raunin ƙarfinta ba su bar garin ba, ko bayan da aka koma PHCN a 2005, ko bayan da kamfanin rarraba wuta na Kaduna ya koma hannun 'yan kasuwa. Injinan zuƙar ƙura na da suna jan wuta ƙwarai, da yawansu daga wat 1,200 zuwa 2,000, alhali ƙaramin janaretan da ya cika gidaje bai kai wat 1,000 ba. Matar gida ba za ta jira a kawo wuta kafin ta yi shara ba. Faɗuwar darajar naira bayan shirin gyaran tattalin arziki na 1986 ta ƙara nisanta sabon inji daga mai albashi, kasuwa ta koma ta gwanjo.

Kayan gwanjo sun zo da nasu tarkon. Wutar Nijeriya ta bi tsarin Ingila, bolt 230, filogi mai ƙafa uku. Injin da aka yi domin Amurka na bolt 120 ne. In aka jona shi kai tsaye ba tare da taransfoma ba, koyil ɗinsa na ƙonewa nan take. Na Ingila da Jamus ba su da wannan matsala, amma da yawa suna amfani da jakar takarda da ake jefarwa in ta cika, jakar kuwa ba kullum ake samunta a kasuwa ba. Mutane kan zazzage ta su mayar har ta yage, ƙura ta wuce cikin injin. Nau'in da ba ya buƙatar jaka, wanda James Dyson ya shahara da shi tun daga 1993, ya kawar da wannan wahala amma ya bar matata, ita kuma ƙurar hunturu tana toshe ta da wuri. Tun da iskar da injin ke zuƙa ita ce ke sanyaya shi, matata in ta toshe sai ya yi zafi ya mutu.

A Amurka da Ingila mai saye yana da inda zai duba kafin ya biya kuɗi. Mujallar Consumer Reports, wadda aka kafa a 1936, da takwararta Which? ta Ingila, ta 1957, suna gwada injina: a cusa yashi da aka auna cikin kafet, a bi da inji sau adadi ƙayyadadde, a auna abin da ya kwaso, ƙarko kuma a tambayi dubban masu amfani da shi ko ya taɓa lalacewa. Tarayyar Turai ma ta sa doka a 2014 cewa sabon inji kada ya wuce wat 1,600, ta rage zuwa 900 a 2017, abin da ya nuna cewa yawan cin wuta ba shi ne ƙarfin zuƙa ba. Waɗannan gwaje-gwaje suna da amfani, sai dai an gina su a kan wuta tsayayya da kayan gyara da ake samu cikin sauƙi. A Kaduna ma'aunin daban ne. Mai saye a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi ko Kasuwar Barci yana sa a jona injin a gabansa, ya ɗora tafin hannu a bakin bututun ya ji ƙarfin zuƙa, ya saurari ƙarar. Tambayar da ta fi muhimmanci ita ce ko akwai bel da matata, kuma ko masu naɗin koyil na kasuwar Panteka za su iya tayar da shi in ya ƙone. Inji mai sauƙin ƙira da ake kwancewa da sukudireba ya fi wanda ya ci lambar yabo a Landan daraja a wannan kasuwa, kuma masu sayen suna da gaskiya.

Abin da ya rage wa kafet kasuwa a ƙarshe tayil ne. Tun daga shekarun 2000 tayil na Sin ya karya farashin na Italiya da Sifen, aka kuma fara yin sa a cikin gida, kamar a Ajakuta ta jihar Kogi. Yana da sanyi lokacin bazara, ba ya riƙe wari, ana wanke najasa a kansa da ruwa nan take, kuma tsintsiyar laushi da mofa sun ishe shi. Sababbin gidaje a Unguwar Rimi da Malali da Hayin Banki kusan duk da shi ake gina su. Kafet ya ƙanƙance ya koma darduma ta tsakiyar falo, wadda ake naɗewa a fitar waje kamar yadda ake yi wa tabarma a zamanin daɓe.

Inda injin ya samu wurin zama na dindindin shi ne inda kafet ya ci gaba da mamaye fili mai faɗi: manyan masallatan Juma'a masu shimfiɗar sahu-sahu, da otal-otal, da ɗakunan taro, da ofisoshi, da wuraren wankin mota. A waɗannan wurare ma an fi ganin mai kama da durom, mai tayoyi da dogon bututu, wanda wasu irinsa ke zuƙar ruwa da ƙura duka, domin ya fi jure aiki kuma babu bel da zai tsinke. Ƙananan injina masu batir da ake caji sun fara shiga gidajen da ke da sola, ana share darduma da kujeru da cikin mota da su. Injin tsaye, wanda ya fi kowanne iya fitar da yashi daga gindin kafet, shi ne mafi ƙarancin gani a kasuwannin Kaduna a yau.