Wuƙa ta biyu: yadda magabata suke auna ta

 A wannan fitowa za mu waiwayi tarihin wuƙar tafiya, domin samarinmu sun fara dawowa daga kurmi da wasu dogayen wuƙaƙe masu walƙiya, wai na tsaron kai.

Wuƙar farko ba ta da gardama. Ita ce ƙaramar da ake sokewa a ƙugu, ruwanta bai kai taƙi ɗaya ba, tana yanke igiya, tana feƙe sanda, tana feɗe akuya. Ta biyu ita ce ake zama da maƙeri a yi shawara a kanta.

Dattawa sun san dalili. Bayan jihadi, da Katsinawa suka kafa Maraɗi, Gobirawa suka zauna Tsibiri, an daɗe ana kai hari tsakaninsu da ƙasar Sakkwato. Yaƙin Gawakuke na 1836 ɗaya ne daga ciki. Bafatake ba ya ratsa daji da ƴar wuƙar ƙugu kaɗai. Takobi kuwa kayan sarakai ne da mayaƙa da Abzinawa, yana da tsada, don ruwan takubba da yawa daga Turai suke zuwa, wasu daga Solingen ta ƙasar Jamus, su ƙetaro hamada. Sai talaka ya tsaya tsakiya, ya riƙi wuƙar hannu, irin wadda Buzaye ke kira telek.

Ga yadda ake ɗaura ta: baduku ya ɗinka wa kube zobe na fata, a zura hannun hagu ciki, ƙota tana wajen wuyan hannu, tsini ya nufi gwiwar hannu. Hannun dama ya zare ta nan take, ko mutum yana jan akalar raƙumi. Don haka jikin mai ita ne ma'auni, ba ta cika wuce kamu ɗaya ba har da ƙota. In ta zarce sosai, sai ta riƙa kama riga, ta hana aiki. Dogo da gajere ba su ɗaukar wuƙa guda.

Akwai kuma batun ƙarfe. A Adar da ƙasar Maraɗi maƙera ne ke haƙo tama su narkar da ita da gawayi, wahala mai yawa, ƙarfe kaɗan. Kowane yatsa da aka ƙara wa ruwan wuƙa kuɗi ne. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, daga baya ƙarafan tsofaffin motoci suka cika kasuwanni, sai narkar da tama ta mutu sannu a hankali. Ƙarfe ya yi araha, tsawo ya koma ado.

A ganina, nan ne samarinmu suka ɓace. Wuƙar da ta wuce kamu ba ta fiɗa da kyau, sara kuma adda ta fi ta. Batun tsaro, ƴan bindigar da suka koro dubban mutane daga Zamfara da Sakkwato zuwa jihar Maraɗi a 2019 ba da wuƙa aka tare su ba. Abin da doguwar ke jawowa shi ne tambayoyin jandarma a shinge, ko faɗan tasha ya zama jini. Mai zuwa gona ko kiwo, ruwa taƙi ɗaya ya ishe shi, mai kauri a gadon baya, da kube mai riƙe ta gam.