Yadda Aka Ƙera Ɗan Ostareliya Mai Kokawa da Kada

Duk iyalin da suka shirya kai yara hutu Ostareliya, tun kafin a sayi tikiti akwai mutumin da ya riga ya zauna musu a ka: Bature ne dogo wanda rana ta gasa wa fata, malfa a ka, wuƙa a ƙugu, kwalbar giya a hannu, ba abin da ya sani sai daji da kada da maciji. Sai a sauka a Sidni a tarar direban tasi ɗan Indiya ne, mai gidan burodi 'yar Biyetnam ce, likitan unguwa kuma jikan Girkawa. A yi mako biyu ba a haɗu da mai malfar ba. Wannan mutumin yana da tarihinsa, kuma yawancin waɗanda suka ƙera shi mazauna birni ne.

Akwai gaskiya a tushensa. A watan Janairun 1788 jiragen ruwa 11 na Birtaniya suka iso inda Sidni take a yau, ɗauke da fursunoni da masu gadinsu, kuma kafin a daina kawo fursunoni a 1868 an kawo kimanin 160,000. Da arzikin ulu ya buɗe, aka samu rundunar leburori masu yawo daga gona zuwa gona suna askin tumaki, da makiyaya masu kora shanu tafiyar watanni. Wanda yake nesa da gida da hukuma ba shi da kowa sai abokin tafiyarsa. A nan aka koyi riƙon amanar aboki, da ƙin rusuna wa mai kuɗi, da raina wahala.

Amma wadda ta mayar da wannan lebura hoton ƙasa gaba ɗaya ita ce mujallar The Bulletin, wadda aka kafa a Sidni a 1880. Manyan marubutanta biyu, Banjo Paterson da Henry Lawson, sun taso a karkara, sai dai a birni suka yi suna. Paterson lauya ne a Sidni lokacin da ya rubuta waƙoƙinsa na mahaya da makiyaya, har da Waltzing Matilda a 1895. Lawson kuwa editan mujallar, J. F. Archibald, ne ya ba shi fam biyar da tikitin jirgin ƙasa zuwa garin Bourke a 1892 don ya je ya ga daji da idonsa. Ya je ya ga fari da talauci da kaɗaici, ya dawo ya rubuta su yadda ya gan su. Jama'a suka fi son dajin Paterson mai dawaki da jarumta. Tun a wancan lokacin Ostareliya na cikin ƙasashen da suka fi kowa yawan mazauna birni. Abin da samarin marubutan nan ke nema shi ne wata siffa da za ta raba su da Ingila, da sarautarta da aji-ajinta, suka same ta a jikin mai askin tumaki. Yaƙin Galifoli na 1915 ya sa masa kakin soja. A 1958 masanin tarihi Russel Ward ya tattara labarin a littafinsa The Australian Legend. A 1978 wani masanin, Graeme Davison, ya nuna cewa a ɗakunan hayar Sidni aka rubuta yawancinsa.

Abin da ya fi damuna a wannan hoto shi ne waɗanda aka fitar daga cikinsa. The Bulletin ta ɗauki shekaru, har zuwa 1961, tana buga taken cewa ƙasar ta farar fata ce. Da aka haɗa jihohi aka kafa tarayya a 1901, cikin dokokin farko akwai wadda ta ba jami'in shige da fice damar yi wa baƙo shifta ta kalmomi 50 a duk harshen Turai da ya ga dama, don ya faɗi. A 1934 an yi wa marubuci Egon Kisch, wanda ya iya harsuna da dama, shiftar a harshen mutanen tsaunukan Sikotilan. Su kuwa 'yan asalin ƙasar, waɗanda suka fi shekaru 50,000 a wurin, da harsuna kimanin 250, su ne suka nuna wa Turawa rijiyoyi da hanyoyi, kuma su ne ƙashin bayan kiwon shanu a arewa, sau da yawa ba albashi sai gari da shayi da sukari. Sai a ƙuri'ar raba-gardama ta 1967 aka soke sashen tsarin mulkin da ya hana lissafa su cikin yawan al'ummar ƙasa.

Ga kuma masu raƙuma. Daga shekarun 1860 aka riƙa kawo raƙuma tare da masu jan akalarsu, Musulmi daga Afganistan da Balucistan da Panjab da Sindi. Duk wanda ya san aikin da ayarin gishiri ke yi tsakanin Bilma da Agadas zai gane matsayinsu: su suka yi dakon kayan aikin wayar tangarahon da aka gama ja zuwa Darwin a 1872, su suka kai ruwa da gari da wasiƙu mahaƙan zinari da rugagen da keken doki bai iya kaiwa. Sun gina masallatai na laka da kwano a Marree da Broken Hill, da na Adelaide wanda aka fara a 1888 kuma ana salla a cikinsa har yau. Da motoci suka karɓe aikin a shekarun 1920, doka ta riga ta hana su zama 'yan ƙasa, da yawa suka saki raƙumansu a sahara suka koma gida. Jikokin raƙuman na nan dubbai suna yawo, jirgin ƙasan da ke ratsa ƙasar daga Adelaide zuwa Darwin kuma da sunansu ake kiransa, The Ghan.

Zancen giya ma yana da asali. Daga 1916 aka tilasta rufe mashaya da ƙarfe shida na yamma a jihohi da dama, sai ma'aikata su tashi aiki da ƙarfe biyar su yi ta ɗirka a gaggauce. Dokar ta kai 1955 a Sidni, 1966 a Melbon. Fim ɗin Barry McKenzie na 1972 ya ɗauki wannan mashayin ya kai shi Landan, duniya ta yi dariya ta riƙe.

Wanda ya kammala aikin shi ne Paul Hogan, ɗan unguwannin Sidni, tsohon ma'aikaci a babbar gadar tashar birnin. A 1984 hukumar yawon buɗe ido ta sa shi a tallan da aka yi wa Amurkawa, a 1986 ya fito a Crocodile Dundee, wanda a Amurka fim ɗaya kawai ya fi shi ciniki a shekarar. Steve Irwin ya ɗora daga 1996 da shirinsa na kama kada, har rasuwarsa a 2006. Hoton ya kawo baƙi da kuɗi, don haka ba wanda ya yi gaggawar gyara shi.

Ana cikin wannan talla ƙasar ta riga ta canza. Bayan 1945 Italiyawa da Girkawa suka shigo da yawa, su ne silar gahawar da Melbon ke tinƙaho da ita. A 1973 aka binne dokar fifita farar fata, 'yan Biyetnam da Labanan da Sin da Indiya suka biyo. Ƙidayar 2021 ta nuna sama da kashi 27 cikin 100 a waje aka haife su, kusan rabi kuma aƙalla ɗaya daga iyayensu baƙo ne. Musulmi sun haura 800,000, Larabci ne na biyu cikin harsunan da ake yi a gida ban da Ingilishi. Sama da kashi 85 cikin 100 suna zaune kusa da gaɓar teku. Iyalin da suka je a watan azumi su bi titin Haldon a unguwar Lakemba ta Sidni bayan sallar asham, za su ga hayaƙin gashi da cincirindon da har waɗanda ba Musulmi ba ke bin layi.

Tsoron da ake tafiya da shi ma yakan sauka a inda bai dace ba. Maciji ba ya kashe fiye da mutum biyu zuwa uku a shekara, ruwa kuwa yana cin sama da 200. Uwa ta fi bukatar sanin cewa tsakanin tutoci masu launin ja da rawaya kaɗai ake barin yara su yi iyo, kuma ranar Disamba, wadda a can ta bazara ce, tana ƙona fata kafin a ankara. A filin jirgi, kilishi da daddawa da yajin da aka ƙunso wa 'yan'uwa dole a rubuta su a takardar shiga. Ɓoyewa tara ce mai nauyi. Abin da ya rage na tsohon hali shi ne rashin shamaki: yaro zai kira dattijo da sunansa, ma'aikaci ya kira shugabansa haka. Kunnen Bahaushe zai ji nauyi, amma ba raini ba ne a wurinsu.

Masu son ganin dajin gaske sai su ƙara sama da awa uku a jirgi daga Sidni zuwa dutsen Uluru. A 1985 gwamnati ta mayar da shi ga masu shi, mutanen Anangu, waɗanda suka yi shekaru suna roƙon baƙi kada su hau shi saboda alfarmarsa. A Oktoban 2019 aka rufe hawan. Yanzu kewaya gindinsa ake yi a ƙasa, tafiyar kimanin kilomita goma, kuma gara a fara da sassafe kafin rana ta buɗe.