Wa ke da iko da kamannin shafin intanet?

Mu ma'aikatan rediyo mun san rabon aiki: mai gabatarwa na shi magana, tekinisiyan na shi gyaran murya. To, intanet ma sai da aka yi rigima kafin a samu irin wannan rabo.

A 1991 Tim Berners-Lee, ɗan Ingila mai aiki a cibiyar bincike ta CERN kusa da Janeba ta ƙasar Suwis, ya buɗe wa duniya shafin intanet na farko. Harshen da ya ƙirƙiro, HTML, aikinsa kawai ya ce ga kan magana, ga sakin layi, ga hanyar zuwa wani shafi. Launi da girman baƙaƙe kuwa, manhajar mai karatu ke yanke su. Masana ba su damu ba, amma masu jaridu da ƴan kasuwa suka ce ba su yarda ba, suna son shafinsu ya fito yadda suka tsara.

Kamfanin Netscape ya biya musu buƙata, ya riƙa cusa umarnin ado cikin HTML. Sai rubutu da kwalliya suka cakuɗe. Mai shafi ɗari in yana son canza launi ɗaya, sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Wahala ke nan!

Ranar 10 ga Oktoba 1994 Håkon Wium Lie, ɗan ƙasar Norwe mai aiki a CERN, ya kawo shawara: a fidda ado daga cikin rubutu, a aje shi a takarda daban. Bert Bos ɗan Holanda ya haɗa kai da shi, suka ci gaba da aikin a kudancin Faransa ƙarƙashin ƙungiyar W3C. Ranar 17 ga Disamba 1996 aka amince da CSS matakin farko, na biyu ya biyo a 1998.

Abin da ya bambanta shawarar Lie da sauran shi ne sulhu. Mai tsara shafi ya faɗi nashi, mai karatu ya faɗi nashi, manhaja ma na da nata, sannan ƙa'ida ta nuna wanda zai rinjaya. Tun 1998 aka ba mai karatu dama, in ya nace, maganarsa ta ɗara ta mai shafi. Mai raunin ido na iya cewa baƙaƙen nan sun yi mini ƙanana.

Abin bai zauna nan take ba. Shekaru da dama Internet Explorer da Netscape kowa na fassara ƙa'idar yadda ya ga dama. A 2003 Dave Shea ɗan Kanada ya buɗe CSS Zen Garden: rubutu ɗaya, masu zane suka yi ta tufatar da shi kala-kala ba tare da taɓa harafi ba. Nan masu shakka suka sallama.

Ina ruwanmu? Galibinmu a salula muke karatu. CSS ce ke sa shafin da aka tsara a kwamfuta ya daidaita da ƙaramin gilashi, kuma salula kan aje takardar adon bayan saukewar farko, mega ta ragu mana. Don haka matasanmu masu koyon wannan sana'a, in za ku tsara shafi, ku gwada shi a ƙaramar salula, ku tuna da dattijon da zai ƙara girman baƙaƙe. Ku rubuto mana ra'ayinku a ƙasa.