Zane Ba Ya Tambayar Lamba: Ado da Surar Jiki a Ƙasar Gobir

Bayan da Alƙalawa ta faɗa hannun masu jihadi a 1808, Gobirawa sun watsu. Wasu suka zauna Tsibiri kusa da Maraɗi, wasu daga baya suka kafa Sabon Birni, ita kuwa Isa tana ɓangaren Daular Usmaniyya. Sarakuna sun daɗe suna gaba da juna, amma matan ɓangarorin biyu sutura iri ɗaya suke yi, wato zane.

Zanen wancan zamani masaƙi ne yake saƙa shi siri-siri, sannan a jera a ɗinke gefe da gefe, irin su saƙi mai ratsin baƙi da fari. Ba a yanka shi, ba a gwada mace kafin a yi shi. Doguwa da gajera, mai jiki da siririya, mai ciki da mai jego, duk zane ɗaya ya ishe su, don wajen ɗauri ake gyara shi. Wata ta yi ɗaurin ƙirji, wata ta ɗora zane na biyu a ƙugu, wata ta ƙara jigida daga ciki don ƙugun ya cika.

Ga wani abin lura: idan aka ɗaura irin wannan zane, ratsinsa a kwance yake zagaye jiki. Yanzu kuwa sai ka ji ana gargaɗin mai jiki ta guji ratsin kwance, wai yana ƙara ƙiba. Shin haka ne? Tun 1867 masanin Jamus Hermann von Helmholtz ya nuna cewa murabba'i mai ratsin kwance ya fi mai ratsin tsaye nuna tsawo a ido. A 2011 Peter Thompson da Kyriaki Mikellidou na Jami'ar York a Ingila suka gwada haka a kan surar mutum, suka samu ratsin kwance ba ya ƙara faɗi, har ma yakan ɗan rage shi.

Sauyi ya zo ne da keken ɗinki, da atamfar da ke shigowa ta Kano da Maraɗi, da riga da siket masu bin jiki, sannan kayan kanti masu lamba. Su kansu lambobin ba daga nan suka fito ba. Binciken da ya zama tushen awon kayan mata a Amurka ya fito a 1941, bayan an auna mata kusan 15,000, kuma awon farar fata aka yi aiki da shi.

Saboda haka idan rigar kanti ta ƙi zama a jikinki, ba ke ce da aibi ba, ba da awonki aka yi ta ba. Kafin wata ta kai ga shan ƙwayoyin ƙiba irin su sha-ka-fashe, masu illa ga lafiya, gara ta kai wa tela awonta na gaskiya. Kakanninta a Isa da Sabon Birni zane suke gyarawa ya dace da jiki.