Aska, Ƙaho da Wuta: Tsofaffin Hanyoyin Warkarwa a Ƙasar Gusau, Tsafe da Bungudu

Masu binciken tarihin magani na zamanin da ba a fara rubutu ba sun fi dogara ga ƙasusuwan mutanen da, domin ƙashi yana riƙe alamar abin da aka yi masa, kuma yana nuna ko mai shi ya rayu bayan aikin ko bai rayu ba. Ta haka aka gano cewa huda ƙoƙon kai, wato kankare ko yanke wani ɓangare na ƙashin kan mutum yana raye, aiki ne da aka yi a Turai da Arewacin Afirka da Kudancin Amurka dubban shekaru da suka wuce. A 1867 likitan Faransa Paul Broca ya duba wani ƙoƙon kai da aka kawo daga Peru, ya tabbatar da cewa an huda shi tun mai shi yana da rai. A 2022 kuma aka bayyana ƙwarangwal ɗin wani matashi daga wani kogo a tsibirin Borneo, wanda aka yanke wa ƙafar hagu kimanin shekara 31,000 da suka wuce, ya kuma ci gaba da rayuwa shekaru 6 zuwa 9 bayan haka. Gawar da aka tsinta cikin ƙanƙarar tsaunukan kan iyakar Italiya da Austiriya a 1991, mai shekara kusan 5,300, tana ɗauke da zane 61 a fata, da yawansu a kan gaɓoɓi da ƙugu, inda ƙashin ya nuna alamun ciwo.

Ƙasar da Gusau da Tsafe da Bungudu suke a kanta, wadda a da ake kiran babban ɓangarenta Katsinar Laka, a gefen kudu maso yammacin daular Katsina, ƙasa ce ta duwatsu da aka daɗe ana zaune a gindinsu da bisansu. Dutsen Kwatarkwashi da ke cikin Ƙaramar Hukumar Bungudu da kufan Birnin 'Yandoto da ke ƙasar Tsafe sun girmi Gusau nesa ba kusa ba, domin Malam Sambo Ɗan Ashafa ya kafa Gusau ne a farkon ƙarni na 19. A yankin Kwatarkwashi an tono mutum-mutumin yumɓu masu kama da na al'adar Nok, sai dai masu haƙar ɓoye ne suka kwashe mafi yawansu a shekarun 1990, suka sayar wa dillalan kayan tarihi na ƙasashen waje ba tare da an rubuta inda aka samo kowanne ko abin da ke kwance tare da shi ba. Wannan asara ce ga tarihin magani kai tsaye, saboda wasu daga cikin siffofin Nok da aka yi nazari a kansu suna nuna mutane masu tundurmi da masu karkataccen baki, abin da ke nuna cewa maginan wancan zamani sun lura da cuta sosai har suka gina kamanninta. Don haka shaidar da ta rage a wannan ƙasa tana hannun masu sana'o'in gado: wanzami da maɗori da ungozoma da boka.

Dole a yi hattara da irin wannan shaida, domin abin da wanzami yake yi yau ba lalle ne ya zama daidai da abin da aka yi shekara dubu da suka wuce ba. Sana'a tana ara, tana yarwa, tana sauya bayani. Duk da haka akwai wani tunani guda da ya ratsa yawancin waɗannan ayyuka, wanda kuma ake samun irinsa a tsofaffin littattafan Girka da na Larabawa: cuta wani abu ne da ya shiga jiki daga waje, ko ya taru ya kwanta a cikinsa, kamar mataccen jini ko majina ko sanyi ko iska, aikin mai magani kuwa shi ne ya buɗe mata hanyar fita. Wanda ya fahimci wannan ba zai ga tsaga da ƙaho da sakiya a matsayin ayyukan rashin tunani ba, ko da ya ga cewa tushen tunanin kuskure ne a wurare da yawa.

Ƙaho shi ne misali mafi bayyana. Wanzami yana fitar da gajeren ƙahon sa daga zabirarsa, wato jakar fata mai aljifai da yake ajiye kayan aiki, ya kafa faffaɗan bakin a bayan mutum ko a ƙeya ko a kan gaɓar da ke ciwo, ya zuƙe iskar ta ƙaramar hudar da ke tsinin, sannan ya toshe hudar da ɗan abin liƙi da ya riƙe a bakinsa. Idan fatar ta taso sai ya cire ƙahon, ya yi mata ƙananan tsaga da aska, ya mayar ya sake zuƙa, jini ya taru a ciki ya daskare. Wannan baƙin gudan jini shi ake nuna wa majiyyaci a matsayin mataccen jinin da ke sa masa nauyin jiki da ciwon baya, alhali kowane jini idan ya fita daga jijiya ya zauna haka yake zama. Marubucin Rumawa Celsus, wanda ya rayu a ƙarni na 1 bayan haihuwar Annabi Isa (AS), ya bayyana ƙoƙon tsotsar jini iri biyu, na tagulla da na ƙaho, ya ce na ƙahon yana da huda a sama da ake zuƙa da baki a toshe da kaki. Kusan babu abin da ya bambanta bayaninsa da aikin wanzamin da ke zaune a inuwar kasuwar Tsafe, ko da yake kamannin ba hujja ba ce cewa wani ya koya daga wani, tunda duk al'ummar da ke da shanu tana da ƙaho a kusa.

Askar wanzami ba ta tsaya a nan ba. A ranar suna ko kusa da ita yakan aske gashin jariri, ya yi masa tsagar gado idan gidan masu tsaga ne, kuma ya cire masa belu, wato ɗan naman da ke reto a ƙarshen ganɗa, bisa imanin cewa idan aka bar shi zai kumbura ya hana haɗiya, ya jawo tari da amai da rama. Likitoci ba su sami wani amfani a cire belun lafiyayyen jariri ba, sun kuwa sha ganin zubar jini da ciwon sandarewar jiki da ke biyo baya idan ƙarfen bai da tsabta. Mafi muni shi ne yankan gishiri, wanda ungozoma ko wanzami ke yi a gaban mace idan naƙuda ta yi tsawo ko aka zaci wani abu ya toshe hanya. Askar takan wuce ta huda mafitsara, kuma yana cikin sanannun dalilan yoyon fitsari a Arewacin Nijeriya. A nan tunanin buɗe wa cuta hanya ya kai iyakarsa, domin abin da ya hana haihuwar yawanci ƙashin ƙugu ne da ya yi wa kan jariri kaɗan, aska kuwa ba ta faɗaɗa ƙashi.

Bayan ƙarfe mai kaifi sai ƙarfe mai zafi. Sakiya ita ce huda kumburi da tsinken ƙarfe da aka gasa ya yi ja domin mugunya ta fita, lalas kuwa ɗora ƙarfe mai zafi ne a kan fata a inda ake jin ciwo, kuma makiyaya suna yi wa dabbobinsu irin wannan. Likitan Andalus Az-Zahrawi, wanda ya rasu wajen 1013, ya buɗe sashen tiyata na littafinsa At-Tasrif da dogon bayani kan ƙuna da wuta. A ƙauyukan Zamfara an fi danganta sakiya da kurkunu, tsutsar da ke shiga jiki ta shan ruwan tafki, ta girma kusan shekara guda, sannan ta ɓullo a ƙafa daidai lokacin damina da noma. Sakiyar kan kashe tsutsar a cikin nama ta ƙara kumburi, amma ɗaya hanyar ta gargajiya, wato naɗe kan tsutsar a jikin ɗan tsinke ana jan ta kaɗan kaɗan kowace rana har ta fito duka ba ta tsinke ba, ita ce har yanzu likitancin zamani yake amfani da ita, don babu ƙwayar da ke kashe kurkunu. A ƙarshen shekarun 1980 an ƙidaya masu ɗauke da ita sama da 650,000 a Nijeriya, a 2013 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da cewa ƙasar ta rabu da ita, ta hanyar tace ruwa da haƙa rijiyoyi.

Tsoron sanyi shi ne tushen wankan jego, inda mai haihuwa ke wanka da tafasasshen ruwa da ganye safe da yamma har kwana 40 ko fiye, tana shan kunun kanwa, a wasu wurare kuma tana kwanciya a gadon ƙasa da ake hura wuta a ƙarƙashinsa. A shekarun 1970 likitoci Davidson da Parry na asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya sun danganta yawan ciwon zuciya da kumburin jiki bayan haihuwa da haɗuwar wannan zafi da gishirin da ke cikin kanwa.

Ɗori ya fi sauran tsayawa a kan abin da ido ke gani da abin da hannu ke taɓawa. Maɗori yana shafa wurin ya bambance karaya da tsagewa da gocewar ƙashi da targaɗe, ya sa a riƙe majiyyaci a ja gaɓar har ƙashin ya koma mazauninsa, sannan ya jera karare ko tsinke da aka saƙa kamar asabari ya ɗaure, yana tofa addu'o'in da ya gada. Ƙashin da aka daidaita aka hana shi motsi yana haɗewa da kansa, shi ya sa maɗora suka riƙe amanar jama'a har yau. Haɗarin yana cikin ɗaurin da ya matse ya tsayar da jini har gaɓar ta ruɓe, da karayar da ƙashi ya fasa fata. Ɗori gado ne na gida, kuma haka yawancin ilimin magani ya rarrabu a ƙasar Hausa bisa sana'a: maƙera ke da maganin ƙuna, sarkawa ke da na ƙayar kifi da ta maƙale a wuya, maharba ke da na sarar maciji da sanin saiwoyin daji. Kowace sana'a ta mallaki maganin raunin da aikinta ke jawowa. Itatuwan da suke aiki da su, irin su sabara da marke da maɗaci da hano da bagaruwa, su ne likita J. M. Dalziel ya tattara sunayensu a ƙamus ɗinsa na tsirran ƙasar Hausa a 1916.

Abin da ƙarfe da ganye suka kasa, musamman hauka da farfaɗiya da shanyewar gaɓa da rashin haihuwa, akan ɗora shi a kan iskoki, waɗanda Maguzawa da sauran masu addinin gargajiya suke ɗauka suna zaune a duwatsu da kukoki da tsamiyoyi da bakin rafi. Kowane iska yana da cutar da yake sakawa: shanyewar ƙafar yaro aikin Inna ne, kuturta ta Kuturu ce. 'Yan bori ba korar iskan suke yi ba. Ta hanyar girka, wato keɓe majiyyaci kwanaki ana ba shi jiƙe-jiƙe da turare ana kaɗa garaya ko goge, suna neman a san wane iska ne, a ba shi abin da yake so, a ƙulla zaman lafiya tsakaninsa da wanda ya kama. Wanda aka girka yakan zama ɗan bori shi ma, ya sami ƙungiya da matsayi, abin da ba ƙaramin taimako ba ne ga mace da aka sake ta saboda rashin haihuwa ko wanda dangi suka gaji da jinyarsa.

Musulunci ya zo da rubutun sha da laya da tofi, ya kuma zo da littattafai. 'Yandoto ta yi suna a matsayin garin malamai tun kafin jihadi, har zuwa lokacin da rundunar Muhammadu Bello ta ci ta a shekarun farko na yaƙin. Shugabannin jihadin sun yaƙi bori da tsafi, amma ba su yaƙi ƙaho ba, tunda hadisai sun ambace shi tare da zuma a cikin hanyoyin waraka. Bello, wanda ya yi sarautar Musulmi daga 1817 zuwa 1837, ya rubuta risaloli kan ciwon ido da basur da amfanin filasko, a 1824 kuma ya nemi Baturen Birtaniya Hugh Clapperton ya sa a aiko masa da likita. Malam Muhammadu Tukur da ya zauna a Matuzgi cikin ƙasar Zamfara, almajirin Shehun da ya jagoranci jihadin, shi ma ya yi rubutu kan magani. Sakamakon haka wanzami da maɗori suka ci gaba da aikinsu da bisimilla a baki, boka da ɗan bori kuwa suka koma gefen gari da ƙauyukan duwatsu.

Akwai dabaru biyu da suka cancanci a ajiye su kusa da juna. Fulani makiyaya na Afirka ta Yamma sun daɗe suna yi wa shanu rigakafin ciwon huhu ta hanyar tsaga fatar karan hancin lafiyayyar saniya su cusa ɗan yankin huhun wadda cutar ta kashe, kuma an san irin wannan ga mutane game da agana, inda ake ɗiban ruwan ƙurjin mai cutar a sa a tsagar hannun mai lafiya, tun kafin Edward Jenner ya fito da rigakafinsa a 1796. Wannan dabara tana da haɗari, amma tana aiki. Ɗayar ita ce kwantar da yanar ido, inda ake soka tsinke a gefen ƙwayar ido a tura abin da ya yi hazo ya faɗa ciki, aikin da tsohon littafin Sushruta na Indiya ya bayyana. Majiyyaci yakan ga haske nan take, shi ya sa aikin yake da farin jini, amma sau da yawa idon yakan mutu daga baya. Binciken makanta na ƙasa da aka yi a Nijeriya tsakanin 2005 da 2007 ya gano cewa fiye da kashi 40 cikin 100 na idanun da aka yi wa aikin yana, ta wannan tsohuwar hanya aka yi musu, kuma abin ya fi yawa a Arewa.

Jirgin ƙasa ya iso Gusau a ƙarshen shekarun 1920, garin ya cika da 'yan kasuwar gyaɗa da auduga, asibiti da allura suka biyo baya, kuma tun da aka ƙirƙiri Jihar Zamfara a 1996 Gusau ta zama mazaunin manyan asibitocin jihar. Agana da kurkunu sun tafi da magungunansu na gargajiya, kaciya tana komawa hannun ma'aikatan lafiya a cikin gari, tsagar gado kuma tana raguwa. Ƙaho kuwa ya dawo da sabon suna: a shagunan magungunan Musulunci na Gusau ana yin sa a matsayin hijama, da kofunan roba da famfon zuƙe iska da reza sabuwa ga kowane mutum, kuma yawancin masu yin sa ba 'ya'yan gidan wanzanci ba ne.